Wata Biyar Kafin West Point: A Bar Yaro Ya Buga Wasa Ko A Hana Shi?

A Amurka, tsakanin Janairu da Afrilu ne yawancin takardun ɗauka suke fitowa daga kwalejojin horar da hafsoshin soja: West Point ta sojan ƙasa da ke gaɓar kogin Hudson a jihar New York, da ta sojan ruwa a Annapolis, da ta sojan sama a Colorado Springs. Su ne kwatankwacin NDA ta Kaduna a wurinmu. Ranar da takardar ta iso gida, murna ba a magana. Sai dai ba washegari ake tafiya ba. Sababbin ɗalibai sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli suke hallara, kuma a 'yan watannin da ke tsakani yaron yana nan a ajin ƙarshe na sakandare, kakar wasanninsa ta ƙarshe tana jiransa. Nan ne gardama take tashi a gidaje da yawa. Uwa ta ce ya haƙura da wasan nan haka, uba ya yi shiru yana lissafi, yaron kuwa ya ce shekara huɗu yana jiran wannan kakar, ga shi kuma shi ne kyaftin. Iyayen da suka taɓa shiga wannan hali har barkwanci suke yi wa junansu, wai a nemo ledar nan mai kumfa da ake naɗe tangaran da ita, a naɗe yaron a ajiye sai ranar tafiya.

Wanda bai san wahalar da ake sha kafin a sami takardar ba zai ɗauka iyayen sun cika tsoro. Neman gurbin yakan ci fiye da shekara. Dole ɗalibi ya sami mai ba da sunansa, galibi ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsa ko sanatan jiharsa, kuma ɗan majalisa ba ya da ɗalibai sama da biyar a kowace ɗaya daga kwalejojin nan uku a lokaci guda. Sannan a duba sakamakon karatunsa da shugabancin da ya taɓa riƙewa, a yi masa gwajin ƙarfin jiki mai matakai shida, tun daga jifa da ƙwallon kwando a durƙushe har zuwa gudun mil ɗaya. West Point tana ɗaukar wajen mutum 1,200 a shekara daga cikin masu nema fiye da 10,000. Wanda ya shiga ba ya biyan kuɗin makaranta ko na ɗaki ko na abinci, ana ma ba shi albashi kowane wata, ya fito da digiri da muƙamin hafsa, ya biya da aikin soja na aƙalla shekara biyar. A ƙasar da iyalai suke shafe shekaru suna biyan bashin jami'a, wannan ba abu ba ne da ake so a ga ya suɓuce a filin ƙwallo.

Kuma yana iya suɓucewa, domin takardar da sharaɗi take zuwa. Akwai hukumar ma'aikatar tsaro da ake kira DoDMERB, wadda ke tantance lafiyar duk masu neman shiga kwalejojin. Cin gwajinta a watan Satumba ba ya nufin an rufe magana. An wajabta wa ɗalibi ya sanar da duk wani sauyi da ya sami lafiyarsa har ranar shiga, ko karaya ce, ko tiyata, ko buguwar kai. Hukumar za ta nemi takardun asibiti ta auna su da ƙa'idojin da ake bi wajen ɗaukar soja. Idan ta ce bai cancanta ba, sauran mafita ɗaya ce, kwalejin da kanta ta yi masa sassauci bayan likitocinta sun duba. Wannan aikin takardu ne, yana cin makonni, wani lokaci watanni. Ranar shiga kuwa ba a ɗaga ta saboda kowa. A West Point, da iyaye sun kawo ɗansu, a taƙaice ake yi musu jawabi, a ba su abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba su yi sallama, daga nan a wuce da shi wurin aski da awo da duba lafiya. Washegari kafin gari ya waye yana filin atisaye. Horon farko na mako shida ne, kuma da dogon tattaki ake rufe shi, da jaka a baya. Mai dogara sanda ba shi da wuri a wannan sahu.

Saboda haka ni a ganina an fi yin kuskure tun wajen ɗora tambayar. Ana tambaya ko wasan yana da haɗari, alhali kowa ya san yana da shi. Abin da ya kamata a zauna a lissafa shi ne kalanda: in rauni ya zo yau, wata nawa yake buƙata kafin ya warke har likita ya sa hannu, kuma wata nawa suka rage kafin ƙarshen Yuni? Rauni iri ɗaya, in ya sami yaro a Oktoba labari ne da za a riƙa bayarwa ana dariya, in ya same shi a tsakiyar Mayu yana iya cinye masa shekara.

Targaɗen idon sawu, wanda shi ne ya fi yawa a filayen sakandare, galibi makonni kaɗan ne. Karayar ƙashin wuya ko ta tsintsiyar hannu, in ba ta rikice ba, takan haɗe cikin mako shida zuwa takwas a jikin matashi, sai a ƙara lokacin gashi da dawo da ƙarfi, sai kuma na takardu. Wadda ta faru a Fabrairu tana da sarari. Wadda ta faru a Mayu da ƙyar.

Wanda ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne tsinkewar jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Abin da ya sa take da ban tsoro, sau da yawa ba karo ne yake jawo ta ba. Yarinya tana gudu da ƙwallo, ta dasa ƙafa za ta juya, gwiwar ta lanƙwasa ciki, a ji ƙas, ta faɗi ba wanda ya taɓa ta. Kafin dare gwiwar ta kumbura suntum. Jijiyar ba ta haɗewa da kanta yadda ƙashi yake yi. Ga mai son komawa guje-guje da tsalle, tiyata ake yi a ɗebo wata jijiya daga jikinsa a dasa, sannan a shiga watanni ana gashi. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda likitocin Delaware da na Oslo suka yi tare, ya nuna cewa duk wata guda da ɗan wasa ya ƙara jira kafin ya koma fili, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni a gwiwar yana raguwa da kusan rabi. Ƙa'idar ɗaukar soja ita ma tana son a sami tazarar kimanin shekara bayan irin wannan tiyata, kuma gwiwar ta tsaya daram. Ke nan duk wanda jijiyar ta tsinke masa bayan isowar takarda, shekarar ta tafi, ko a Janairu ne ko a Mayu. Kuma 'yan mata, waɗanda aka fara ɗauka a kwalejojin nan a 1976, sun fi samari fama da wannan rauni ninki biyu ko fiye a wasanni irin ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando.

Gocewar kafaɗa ita ma tana da nata sharrin, domin in ta fara a jikin wanda bai kai shekara 20 ba, yawanci takan dawo. Buguwar kai kuwa, wadda ke girgiza ƙwaƙwalwa, ba a ganin ta a hoton ƙashi, kuma likitocin soja suna duba sau nawa ta faru da kuma yaushe ne na ƙarshe. Yaron da ya taɓa buguwa sau biyu a baya, lissafinsa daban ne da na abokinsa da bai taɓa ba, ko da lamba ɗaya suke bugawa.

To wane wasa ne ya fi cin mutane? Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa alƙaluman shekarar karatu ta 2005 zuwa 2006, inda aka ƙiyasta raunuka miliyan 1.4 a wasanni tara na sakandare. A duk fita fili 1,000, ko ta atisaye ko ta gasa, ana samun rauni 2.4. Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, ita ce kan gaba da 4.36, sai kokawa da 2.5, ƙwallon ƙafa tamu da muka sani tana biye kusa, besbol da ƙwallon raga kuwa ƙasa da 2. Ranar gasa ta fi ranar atisaye haɗari nesa ba kusa ba. Alƙaluman sun kwana biyu, amma jerin bai sauya sosai ba. Abu biyu nake gani a cikinsu. Na farko, mafi yawan raunukan nan targaɗe ne da ciwon tsoka da ake warkewa a koma, kuma mai hana shiga kwaleji ƙalilan ne a cikinsu. Yaron da ya buga kakarsa, mafi rinjayen zato shi ne zai isa ranar shiga da ƙafafunsa. Na biyu, kalandar wasannin Amurka ta ɗan taimaka. Ƙwallon da ta fi haɗari da kaka ake buga ta, daga Agusta zuwa Nuwamba, kafin yawancin takardu su fito. Da sanyi ake kokawa da ƙwallon kwando. Abin da ya rage wa bazara shi ne guje-guje da besbol da tanis da lakros, sai ƙwallon ƙafa a wasu jihohin. Mai gudun mita 1,600 da mai tsaron baya a lakros, inda ake karo da ƙirji ana dukan sanda, ba tambaya ɗaya ce a gabansu ba.

Masu cewa a zaunar da yaro a gida suna mance cewa zaman ma yana da farashi. Binciken likitocin sojan Amurka na shekaru da yawa ya tsaya a kan abu guda: kurtun da ya zo horo ba shi da ƙarfin gudu ya fi saurin jin rauni. Ƙashi yana sabawa da nauyi ne a hankali. Wanda ya yi wata huɗu a kan kujera, aka wayi gari aka sa masa but aka ɗora masa jaka, kullum gudu kullum tattaki, ƙashin ƙwaurinsa ko na tafin ƙafa yakan fara tsagewa kaɗan-kaɗan ba tare da ya faɗi ko ya yi karo ba. Irin wannan tsagewar tana cikin manyan abubuwan da ke fitar da kurata daga sahu. Yaro yana iya cewa zai riƙa motsa jiki shi kaɗai, kuma wasu suna cikawa. Amma duk wanda ya taɓa zama da ɗan shekara 18 a watanninsa na ƙarshe a makaranta ya san koci mai usur da abokan da ke jira a fili sun fi alkawarin da ya yi wa kansa tasiri.

Sannan kwalejojin da kansu 'yan wasa suke nema. Wajen tara cikin goma na waɗanda ake ɗauka sun wakilci makarantunsu a wani wasa. Tun lokacin da Douglas MacArthur ya shugabanci West Point, daga 1919 zuwa 1922, aka mai da wasa dole a kan kowane ɗalibi, kuma har yau haka abin yake. Dambe darasi ne na tilas, tun 2016 har da mata. Wani bincike da aka yi a can, aka buga a 2007, ya gano cewa cikin ɗalibai 4,000 da 'yan kai, kusan kashi 3 cikin ɗari sun sami gocewa ko zamewar kafaɗa a shekarar karatu guda. Wurin da ake tanadin yaron dominsa ya fi filin sakandare wahalar da gaɓoɓi. Shi ya sa wasu iyayen ke cewa, in har za ka miƙa ɗanka ga aikin da ake harbi a cikinsa, mene ne na hana shi lakros?

Maganar tana da daɗin ji, amma akwai inda ta gaza, kuma labarin tsohon shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya nuna wurin. Ya shiga West Point a 1911, ya zama ɗan ƙwallon da ake ji da shi. A Nuwamban 1912, mako guda bayan sun kara da ƙungiyar Carlisle, ya murɗe gwiwa a wasa da ƙungiyar Tufts, ya ƙara fama ta a darasin hawan doki, wasa ya ƙare masa ke nan. Da aka zo yaye su a 1915, gwiwar ta kusa hana shi muƙami, sai da aka daidaita a kan ba zai shiga rundunar mahaya ba, ya tafi ta sojan ƙafa. Sauran tarihin kowa ya sani. Abin lura shi ne a ciki ya ji raunin. Wanda ya riga ya yi rantsuwa, likitocin soja ne ke kula da shi, an riga an kashe kuɗi a kansa, kuma akwai hanyoyin da ake bi kafin a sallame shi. Wanda bai shiga ba kuwa, kwaleji ba ta bin sa bashin komai, shi ma ba ya bin ta, kuma ga jerin masu jira da suka cika kowane sharaɗi. Rauni kafin rantsuwa da rauni bayanta ba nauyinsu ɗaya ba, ko da gwiwar ɗaya ce.

Mu nan za mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne yaro yana iya barin wasa ya zame a banɗaki. Sai dai akwai haɗarin da yake saya wa mutum wani abu, akwai kuma na banza. Kakar ƙarshe a wasan da yaro ya shekara huɗu yana bugawa, jikinsa ya san shi, akwai koci, akwai mai duba raunuka a gefen fili, abokai kuma sun dogara da shi, wannan haɗari ne mai riba: yana riƙe masa ƙarfinsa, yana cika alkawarin da ya ɗauka wa ƙungiya, wanda shi ne ainihin halin da kwalejin ta gani ta ɗauke shi. Amma ya tsiri sabon wasan karo a Afrilu don abokai sun ce ana neman mutum, ko ya tafi zamiyar ƙanƙara a hutun bazara, ko tsalle a kan ragar roba a bayan gida, ko hawan babur a daji, ko ƙwallon unguwa inda babu alƙali, waɗannan ba abin da suke ƙara masa. Kuma iyayen da suka tsare ƙofar filin wasa, su tuna haɗarin mota yana cikin manyan abubuwan da ke kashe matasa a Amurka, ga shi watannin Mayu da Yuni ne lokacin bukukuwan gama makaranta, da tuƙin dare da duk abin da ke tafe da shi.

A cikin wasan ma akwai abin da za a iya ragewa. Tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, wanda aka gwada a kan 'yan mata masu ƙwallon ƙafa a Norway aka buga sakamakon a 2008, ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Atisaye ne na ƙarfafa cinya da koyon dira daidai, ba ya buƙatar kayan aiki. Haka nan yaro yana iya gama kakar makarantarsa amma ya haƙura da gasannin kulob da ake jerawa a ƙarshen mako, da wasan nuna taurari da ake shiryawa a Yuni, makonni biyu ko uku kafin tafiya, wanda ba kofi a cikinsa sai hoto. Koci mai hankali, in aka gaya masa halin da ake ciki, ba zai bar yaron a fili ba bayan an riga an ba da tazarar da ba za a kamo ba.

Abu ɗaya ne ban ga wurin muhawara a kansa ba, shi ne ɓoye rauni. Jarabar yin hakan tana da ƙarfi. Gwiwa tana ɗan kumburi, saura mako biyar, wani ya ba da shawara a yi shiru a sha magani, in an shiga an shiga. Wanda ya bi wannan ya haɗa wa kansa masifa biyu. Gwiwar da ba ta warke ba za ta tona kanta a makon farko na horo, kuma in aka bincika aka ga tsohon ciwo ne da aka ɓoye, magana ta tashi daga ta lafiya ta koma ta ƙarya, a makarantun da ake korar ɗalibi saboda ƙarya ko satar amsa. Wanda ya faɗi gaskiya da wuri, ya tura takardun asibiti cikakku, ya kira jami'in da ke kula da neman shigarsa, shi ne ke ba likitocin kwaleji lokacin da za su duba ko za a yi masa sassauci.

Wa zai yanke hukunci a ƙarshe? Ni dai ina ganin yaron ne, bayan an baje masa lissafin a faifai. Nan da 'yan watanni zai ɗaga hannu ya yi rantsuwar da ba uwarsa ce za ta yi masa ba, bayan shekara huɗu kuma a damƙa masa sojoji 30 ko 40. Idan iyaye suka tilasta masa ya bari, ya isa lafiya amma da ƙullin cewa ya yasar da abokansa, sun sami abin da suke so. Idan suka ƙyale shi ba tare da sun nuna masa kalandar ba, jijiya ta tsinke a Afrilu, zai ce ba wanda ya gaya masa. Aikinsu shi ne su zaunar da shi da likitan da ya san tarihin gaɓoɓinsa, a faɗi wasan, a faɗi lambar da yake bugawa, a faɗi tsofaffin raunuka, a ƙirga makonni. Mai tsohuwar kafaɗa da ke zamewa, ko mai buguwar kai biyu, in wasansa na karo ne, zan ce masa ya koma guje-guje ko ninƙaya a wannan kakar. Mai lafiyayyen jiki da ke cikin wasan da ya saba, zan ce ya buga, ya tsaya ranar da kakar makaranta ta ƙare.

In kuma abin da ake gudu ya faru, asarar galibi ta shekara ce. Ana karɓar mai nema daga shekara 17 muddin bai cika 23 ba ranar 1 ga Yuli na shekarar shiga, don haka ɗan 18 yana da sauran dama, ko da yake babu tabbacin an ajiye masa gurbi, kuma yawanci sai ya sake neman ɗan majalisar da zai ba da sunansa. MacArthur ɗin nan ma sai da ya yi jinyar karkacewar ƙashin baya kafin ya shiga a 1899, ya fito na ɗaya a ajinsu a 1903. Shi ya sa iyalai da dama suke kama gurbi a wata jami'ar farar hula, musamman mai shirin horar da hafsoshi na ROTC, su biya kuɗin kafin alƙalami kafin wa'adin 1 ga Mayu, duk da sun san ba za a mayar musu ba. Kuɗin yawanci 'yan ɗaruruwan daloli ne. Idan yaro ya gama horon farko lafiya a Agusta, sai su rubuta wa jami'ar cewa ba zai zo ba.